Waƙa Ɗaya, Ma'ana Biyu: Yadda Kiɗa Da Bidiyo Ke Juya Saƙon Mawaƙi

A watan Oktoba na shekarar 2016, ƙungiyar masu shirya fina-finai ta MOPPAN ta ba da sanarwar korar jaruma Rahama Sadau daga Kannywood. Dalili kuwa wata waƙar soyayya ce ta mawaƙin gambarar zamani ClassiQ, mai suna "I Love You", wadda jarumar ta fito a bidiyonta. Duk cece-kucen da aka yi a lokacin, ba a kan baitocin waƙar aka yi shi ba. Kalaman so ne irin waɗanda ake ji kullum a rediyo da wayoyi, ba wanda ya ɗaga kai. Abin da ya tayar da ƙura shi ne abin da ido ya gani, wato riƙe hannu da runguma. Jarumar ba ita ta rubuta waƙar ba, amma ita ta ɗauki hukunci, daga baya kuma ta nemi afuwa. Da a rediyo kawai waƙar ta tsaya, da wuya wani ya ambaci sunanta.

Wannan lamari ya nuna wani abu da ba mu cika tsayawa mu yi tunani a kansa ba. A aji, idan malamin Hausa ya ce a fitar da jigon waƙa, baitoci muke bi layi-layi. Haka ya dace, tunda rubutacciyar waƙa ce a gabanmu. Amma waƙar da ke cikin wayarka ba haka take zuwa ba. Tafe take da kiɗa da murya, sau da yawa kuma da hoto mai motsi, kowanne da abin da yake faɗa. Wani lokaci su haɗu a kan magana ɗaya, wani lokaci su saɓa. Idan kuwa suka saɓa, ba kasafai kalmomi suke yin rinjaye ba. Ƙannena 'yan sakandare, tunda ku ne kan gaba wajen sauraren waƙoƙin nan da kallonsu da tura wa juna, ya kamata ku san yadda abin yake aiki.

Kayan kiɗa ma baki gare su

Tun kafin a ƙirƙiro kyamara, Bahaushe ya san kiɗa yana magana. A ƙasar Hausa kusan kowane rukunin jama'a yana da abin kiɗansa. Tambari da kakaki na sarakuna ne, ba a buga wa wanda ba sarki ba tambari komai dukiyarsa. Kotso da taushi da jauje na makaɗan fada ne. Kalangu an san shi da mahauta da 'yan dambe. Dundufa ta maƙera ce, garaya ta maharba da 'yan bori, gangar noma ta manoma a wajen gayya, ƙwarya da shantu kuwa na mata ne a cikin gida. Shi ya sa mutumin da ke bayan gari, in ya jiyo sauti daga nesa, zai iya gaya maka ko sarki ne ya fito, ko dambe ake yi, ko biki, tun bai ji kalma ko ɗaya ba.

Abin ma ya wuce nan. Hausa harshe ne mai karin sauti, wato hawa da saukar murya suna bambanta ma'anar kalma. Furta "kuka" na hawaye, sannan ka furta "kuka" ta miya, za ka ji bambancin. Kalangu yana iya kwaikwayon wannan hawa da sauka. Idan makaɗi ya matse igiyoyin jikinsa a hammata sai sautin ya hau, in ya sassauta sai ya sauka. Da haka yake kiran mutum da takensa. Ɗan dambe yana jin takensa sai tsuma ta kama shi, alhali ba wanda ya buɗe baki ya ce masa komai.

Ka kwatanta makaɗa biyu da kowa ya sani. Alhaji Musa Ɗanƙwairo yana waƙa ne da kotso da rundunar 'yan amshi, ya ɗauko magana su karɓe su ƙarasa masa, muryoyi da yawa suna tashi tare. Wannan cikar sauti ita kanta yabo ce, tana nuna wanda ake wa waƙar mai jama'a ne. Ɗanmaraya Jos kuwa, wanda ya rasu a 2015, shi kaɗai yake waƙarsa da ɗan kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, ba ɗan amshi. Siririn sautin nan ya dace da mutanen da ya fi yi wa waƙa, irin su karen mota da sauran masu neman na kansu a bakin titi. Ɗauki waƙar karen mota ka ɗora ta a kan kotso da kakaki, sai ta koma abin dariya, kamar an naɗa wa yaron mota rawani. Kalmomin ba su motsa ba, amma ma'anar ta gudu.

Kari ɗaya, saƙo daban

Malamai da sha'irai na da sun gane wannan ƙarfi na kiɗa, har suka riƙa amfani da shi. Masu nazarin adabi sun nuna cewa karin da Malam Aliyu Namangi na Zariya ya ɗora waƙoƙinsa na Imfiraji a kai, daga kiɗan caji ya samo asali, kiɗan nishaɗi da ya yi tashe a zamaninsa. Ya ari karin da kunnen jama'a ya saba da shi, ya zuba masa wa'azi. Mutane suka riƙe baitocin cikin sauƙi, domin sun riga sun riƙe karin.

Irin haka ta sake faruwa a Kano da fina-finan Indiya, waɗanda suka samu karɓuwa a gidajen sinima na Arewa tun shekarun 1960. Wasu matasa masu bege da bandiri sun riƙa ɗaukar karin waƙoƙin soyayya na Indiya suna ɗora masa yabon Annabi (SAW). Masana irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu da Brian Larkin sun yi rubutu a kan wannan. Masu yi suna ganin sun ƙwato kari mai daɗi ne sun kai shi inda ya fi dacewa. Masu suka kuma suna cewa wanda ya kalli fim ɗin, da ya ji karin, rawar da ya gani ce za ta faɗo masa a rai. Kowane ɓangare ya yarda da abu ɗaya: kari yana tafiya da kayansa, ba ya zuwa hannu rabbana.

A Amurka kuwa an ga inda kiɗa ya danne kalmomi baki ɗaya. A 1984 mawaƙi Bruce Springsteen ya fitar da waƙar "Born in the U.S.A.", wato haifaffen Amurka. Baitocinta labarin wani talaka ne da aka tura yaƙin Biyetnam, ya dawo gida bai samu aiki ba, ba kuma wanda ya kula da shi. Waƙar kuka ce da ƙorafi. Amma an yi ta da ganga mai tsananin ƙara da amshi mai tashi sama, irin wanda dubban mutane za su rera tare a filin wasa suna ɗaga hannu. Sai jama'a da yawa suka ɗauke ta a matsayin waƙar alfahari da ƙasa. Har Shugaba Ronald Reagan, a yaƙin neman zaɓensa na watan Satumba na 1984, ya ambaci mawaƙin a matsayin mai waƙoƙin kyakkyawan fata ga Amurka. A 1998 aka fitar da rerawar farko da Springsteen ya yi wa waƙar, shi kaɗai da jita, cikin sauti mai duhu da ɗaci. Duk wanda ya ji wannan ba zai taɓa cewa waƙar murna ce ba. Labari ɗaya ne, mawaƙi ɗaya, kiɗa ne kawai ya sauya.

Darasin a nan shi ne, amshi da bugun ganga su ne ke fara shiga kunne, su ne kuma ke zama. Baitocin tsakiya sai wanda ya kasa kunne da gangan. Ka tambayi kanka, waƙoƙi nawa ne ka iya amshinsu sarai amma ba za ka iya faɗin abin da baiti na biyu yake cewa ba?

Da fiyano da kyamara suka iso

Waƙoƙin da aka fi sani yau da na nanaye, a cikin fim suka girma. Fim ɗin Sangaya, wanda ya fito a 1999, yana cikin waɗanda suka kafa wannan salo. An yi kiɗansa da fiyano, aka tsara shi yana kwaikwayon sautin kayan kiɗan gargajiya, ga saurayi da budurwa suna musayar baiti, ga rawa. Daga nan rawa da waƙa suka zama abin da ke sayar da fim. Suka kuma zama abin da aka fi jayayya a kai, kuma suna cikin abubuwan da Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ta fi sa wa ido.

Fiyano ya kawo wani sauyi da ba a cika lura da shi ba. A da abin kiɗa yana gaya maka wa ake wa waƙa. Yanzu na'ura ɗaya a sitidiyo ita ke yin kiɗan waƙar soyayya da ta siyasa da ta biki da ta talla, wani lokaci har da ta bege. Tunda sautin ya zama kusan iri ɗaya, sai aikin bambancewa ya koma kan hoto. Tufafin da aka sa da wurin da aka ɗauki bidiyon su ne yanzu suke yin aikin da tambari da kalangu suke yi a da.

Akwai kuma rabuwar murya da fuska. A fina-finanmu, kamar na Indiya, mawaƙi daban ne ke rera waƙa a sitidiyo, jarumi kuma ya hau kanta yana motsa baki. Mai kallo sai ya manne waƙar da fuskar jarumin da labarin fim ɗin. Idan a fim an rera ta lokacin da aka raba masoya, to ta zama waƙar rabuwa ke nan a zukatan mutane, ko da mawaƙin wani abu daban ne a ransa ranar da ya rubuta.

A ƙasashen Turawa ma haka abin ya tafi. Tun da tashar MTV ta fara aiki a Amurka ranar 1 ga Agusta, 1981, tana nuna bidiyon waƙoƙi dare da rana, mawaƙa suka gane cewa waƙar da ba ta da hoto mai jan ido tana iya zama a baya komai daɗinta.

Me ya sa ido yake rinjayar kunne?

Bahaushe ya ce gani ya kori ji, kimiyya kuma ta gaskata shi. A 1976 wasu masu bincike biyu a Ingila, Harry McGurk da John MacDonald, suka wallafa sakamakon wani gwaji. Sun ɗauki hoton bakin mutum yana furta "ga", suka ɗora masa sautin "ba". Yawancin waɗanda suka kalla sai suka ce "da" suka ji. Idan mutum ya rufe ido sai ya ji "ba" sarai, in ya buɗe sai ta sake komawa "da". Ma'ana, ƙwaƙwalwa ba ta ware abin da kunne ya kawo da abin da ido ya kawo. Cakuɗa su take yi ta ba ka abu ɗaya, kai kuma ka ɗauka haka ka ji.

Tun kafin wannan, kimanin shekara 100 da suka wuce, wani mai shirya fim a Rasha, Lev Kuleshov, ya yi wani gwajin da har yau ake koyar da shi a makarantun fim. Ya ɗauki hoton fuskar wani ɗan wasa wadda ba fara'a ba ɓacin rai a cikinta. Sai ya haɗa ta da hoton kwanon miya, ya sake haɗa ta da hoton akwatin gawa, ya kuma haɗa ta da hoton wata mace. Masu kallo suka ga yunwa a fuskar a karo na farko, baƙin ciki a na biyu, sha'awa a na uku. Fuskar kuwa guda ce, ba ta sauya ba. Abin da aka ajiye kusa da ita ne ya ba ta ma'ana.

Haka baitin waƙa yake. A ce mawaƙi yana maganar wahalar da ya sha kafin ya samu. Idan kyamara ta nuna tsohuwa tana suyar ƙosai da asuba, sai baitin ya zama godiya ga uwa. Idan ta nuna shi a jingine da doguwar mota ana watsa kuɗi, sai ya zama gori ga maƙiya. Darakta yana da dabaru da yawa na irin wannan. Ya ajiye kyamara a ƙasa tana kallon mawaƙi sama, sai ya zama mai iko. Ya rage launi, sai hoton ya zama na tuna baya ko na jimami. Ya riƙa yanka hotuna da sauri-sauri, sai zuciyarka ta ɗauki zafi. Sannan akwai inda kyamara ta zaɓi ta tsaya. Waƙa tana iya yabon hankalin mace da tarbiyyarta, amma idan kyamarar ba ta taɓa zama a kan fuskarta ba sai a kan jikinta, to bidiyon wani abu daban yake koya maka. Motoci da gidajen da kuke gani a irin waɗannan bidiyoyi ma, sau da yawa na aro ne ko na haya, an gama ɗauka an mayar wa masu su.

Bidiyo biyu, ƙasashe biyu

Ba kullum hoto ke ɓata saƙo ba. Wani lokaci shi ne saƙon. A watan Mayu na 2018 mawaƙin Amurka Childish Gambino, wanda sunansa na gaskiya Donald Glover, ya fitar da "This Is America". In ka saurare ta ba hoto, za ka ji maganar casu da kuɗi, da ambaton bindiga da 'yan sanda nan da can. Bidiyon ne ya ɗinke su. Ya fara da waƙar taro mai daɗi da wani mutum yana kaɗa jita. Kwatsam sai mawaƙin ya zaro bindiga ya harbe shi, a daidai nan kuma kiɗan ya juye ya koma mai nauyi da ban tsoro. Bindigar aka karɓe ta cikin girmamawa a jan ƙyalle, gawar kuwa aka ja ta a ƙasa. Can gaba ya harbe mawaƙan coci, abin da ya tuna wa mutane da yawa kisan baƙaƙen fata tara a wani coci a birnin Charleston a 2015.

Babbar dabarar bidiyon ita ce rawa. Mawaƙin da wasu yara masu kayan makaranta suna ta rawa a gaba, har da gwara-gwara ta Afirka ta Kudu, a bayansu kuwa tarzoma ake yi, mota na ci da wuta, mutane na gudu. Yawancin masu kallo a karon farko rawar suke bi, sai sun maimaita suke ganin abin da ke faruwa a baya. Da haka bidiyon ya kama mai kallo dumu-dumu yana aikata abin da ake zargi, wato shagala da nishaɗi alhali ana kashe mutane. Waƙar ta ci kyautar Grammy huɗu a 2019, ciki har da ta bidiyon da ya fi kyau.

Makonni kaɗan bayan fitowarta, mawaƙin Najeriya Falz ya yi tasa, "This Is Nigeria", a kan salon waccan. Ya taɓo cin hanci da shan kodin da cin zarafin da 'yan sandan SARS suke wa matasa a lokacin. A madadin yara masu kayan makaranta, sai ya sa 'yan mata sanye da hijabi suna rawar shaku-shaku. Falz ya ce yana nuni ne da 'yan matan Chibok da aka sace a 2014. Ƙungiyar kare haƙƙin Musulmi ta MURIC kuwa ta ce cin fuska ne ga hijabi, ta kuma yi ƙorafi a kan yadda aka nuna Bafulatani a matsayin mai kisa, har ta ba shi wa'adin kwana bakwai ya janye bidiyon. Hoto ɗaya ne, mai shi yana nufin tausayi, wasu masu kallo suka ga izgili.

A watan Yuli na 2023 an sake ganin makamancin haka, lokacin da Davido ya saka guntun bidiyon waƙar yaronsa Logos Olori, inda aka nuna mutane cikin fararen jallabiyoyi suna salla sannan suka ɓarke da rawa a gaban wani gini mai kama da masallaci. Musulmi da dama suka fusata, daga baya ya cire bidiyon. A duka biyun, tufafi da wuri ne suka yi magana. Hijabi da jallabiya da masallaci suna da ma'anarsu a zukatan mutane tun kafin darakta ya taɓa su, kuma ba ya iya goge wannan ma'ana don kawai shi wani abu yake nufi.

Yanzu kai ma darakta ne

A da mawaƙi da daraktansa ne kaɗai ke zaɓar hoton da zai raka waƙa. Yau duk mai waya yana iya yanko daƙiƙa 15 ko 30 daga cikin waƙa ya ɗora nasa hoton a TikTok ko Instagram. Waƙar "Jaruma" ta Hamisu Breaker misali ce. A 2020, lokacin kullen korona, wajajen ƙaramar Salla, mata suka riƙa ɗaukar kansu suna rawa da ita a gaban mazajensu suna sakawa a intanet. Waƙar ta ƙara tashe ƙwarai, muhawara kuma ta ɓarke. Wasu suka ce mace ta yi wa mijinta rawa abin so ne, wasu suka ce abin ɗaki ne aka fito da shi kasuwa. Har yau, in aka ambaci waƙar, mutane da yawa wannan gasa suke fara tunawa kafin baitocinta.

Wurin da aka yi waƙa da waɗanda ke sauraro su ma suna cikin ma'anarta. Waƙoƙin amada irin na Hajiya Barmani Choge sun taso ne a taron mata, inda ake barkwanci da habaici da faɗar abin da ba za a faɗa a gaban maza ba. A tsakar gida, cikin 'yan uwa mata, wasa ne da kowa ya san iyakarsa. Waya kuwa ba ta da katanga ba ta da zaure. Abin da kika ɗauka don ƙawayenki biyar, gobe yana iya isa hannun malaminki da kawunki da wanda ba ki taɓa gani ba, kowa kuma da irin fassarar da zai yi masa. Ga shi in abu ya shiga intanet, ko ka goge naka, na hannun wasu yana nan.

Wani abin kuma, guntun da ake yankowa ba shi ne waƙar ba. Kana iya ɗora hotonka da kayan makaranta a kan amshi mai daɗi, alhali baitin da ke biye da shi batsa ce ko zagin wani. Waɗanda suka san waƙar gaba ɗaya, da ita za su auna ka.

Yadda za ka nazarci waƙa

Ga wata hanya mai sauƙi da za ka iya gwadawa kai kaɗai, ko ku gwada a ƙungiyar Hausa ko ta muhawara a makarantarku. Ku zaɓi waƙa ɗaya mai bidiyo, ku bi ta sau uku.

Da farko ku kife wayar ku saurara kawai, wani ya rubuta baitocin a takarda. Ku karanta su ba kari, kamar wasiƙa. Wa ke magana, da wa yake yi, me yake so? Ku fitar da jigo a jimla ɗaya, kamar yadda kuke yi a darasin adabi.

Na biyu, ku sake saurara, amma wannan karon ku bar kalmomi ku bi kiɗa. Sauri yake ko a hankali? Wane abin kiɗa ne ya fi fitowa, kuma a ina kuka saba jin irinsa? Muryar mawaƙin roƙo take ko gadara ko kuka? Da a ce da wani harshe da ba ku ji aka yi waƙar, me za ku ce tana nufi?

Na uku, ku kashe sautin ku kalli hoton shiru. Wa ke tsakiya, wa ke gefe? Me aka sa a jiki, a ina aka ɗauka? Me ke faruwa a baya? Wane abu kyamara ta fi daɗewa a kai? Idan akwai mata, me suke yi, idan akwai talakawa ko mutanen ƙauye, yaya aka nuna su?

Daga nan sai ku jera amsoshin guda uku. In sun yi daidai, to waƙar magana ɗaya take yi. In sun saɓa, ku tambayi kanku: da gangan aka yi don a sa mu tunani, kamar bidiyon Gambino, ko kuwa an lulluɓe wani abu ne da kalmomi masu daɗi? Sannan wanne daga cikin ukun ya fi zama a ranku bayan kun tashi? Wannan shi ne saƙon da ya isa gare ku a zahiri, ko mene ne mawaƙin ya yi niyya.

Ba ana cewa ku daina jin daɗin waƙa ba ne. Wanda ya san yadda ake saƙa ya fi kowa ganin kyan zane, kuma ba a sayar masa da mara kyau. A cikinku akwai waɗanda gobe za su zama mawaƙa da masu kiɗa da daraktoci, wasu ma sun fara da wayoyinsu. Ana cewa waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, to amma yau masu ita sun yi yawa: wanda ya rubuta, da wanda ya haɗa kiɗa, da wanda ya riƙe kyamara, da kai da ka yanko ta ka ɗora hotonka. Kowannenku yana da hannu a abin da za ta nufa, kuma kamar yadda aka gani a 2016, wanda fuskarsa ta fito shi ake fara tambaya. Kafin ka tura ta gaba, ka saurare ta daga farko har ƙarshe.